Kariya da Tsaro a Ɗakunan Binciken Ƙwayoyin Cuta



An nemi in yi magana a kan wani ɗaki wanda yawancinmu ba mu taɓa sa ƙafa a cikinsa ba, ko da yake da wuya a sami wani a cikinmu wanda jininsa, ko fitsarinsa, ko kakinsa bai taɓa shiga ba. Ina nufin ɗakin bincike, watau inda likita kan tura mutum ya ce a je a yi masa gwaji. Majinyaci iyakarsa bakin taga, ya miƙa kwalba, ya dawo ya karɓi takarda. To, abin da ke faruwa a bayan tagar nan shi ne zancenmu na yau, musamman a ɗakunan da ake riƙe ƙwayoyin cuta masu rai, ana renonsu, ana kuma ajiye su.

Maganar ta kasu biyu, kuma ya kamata mu rarrabe su tun daga farko. Akwai kariya, watau kare ma'aikaci da iyalinsa da maƙwabtansa daga ƙwayar cutar da yake aiki da ita. Akwai kuma tsaro, watau tsare ita ƙwayar cutar kada ta ɓata, ko a sace ta, ko ta faɗa hannun mai mugun nufi. A ta farko haɗari ake gudu, a ta biyu kuwa ganganci.

Wanda ya shigo Birnin Zariya ta Ƙofar Doka ko ta Ƙofar Kuyambana zai ga abin da ya rage na ganuwa. Magabata sun gina ta ne don na waje kada ya shigo sai da izini, kowace ƙofa kuwa da mai tsaronta. Ɗakin bincike ganuwa ce da aka gina a juye. Abokin gaba yana ciki, mu ne kuwa muka shigo da shi da hannunmu, muna ba shi abinci ya hayayyafa domin mu gane kamanninsa da maganin da ke kashe shi. Aikin ganuwar shi ne ta hana shi fita. Wannan abokin gaba kuma ba ya neman babbar ƙofa, ƙaramin yanka a yatsa ya ishe shi.

Ba sai mun tafi wata ƙasa neman misali ba, domin ɗaya daga cikin manyan darussan da duniya ta koya a wannan fanni daga Arewacin Nijeriya ya taso. A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Laura Wine, ta kwanta da zazzaɓi a asibitin mishan da ke garin Lassa, a cikin Jihar Borno ta yanzu. Da ciwon ya ƙi jin magani sai aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Jos, can ta rasu. Wadda ta yi jinyarta a Jos, Charlotte Shaw, tana da ɗan yanka a yatsa sa'ad da take goge wa majinyaciyar baki. Ba a daɗe ba ita ma ta kwanta, ta rasu a watan Fabrairu. Ta uku, Penny Pinneo, wadda ta taimaka wajen binciken gawar, ita ma ta kamu, aka kai ta Legas, daga nan zuwa New York, inda ta sha doguwar jinya Allah ya ba ta lafiya. Jinin waɗannan mata aka aika Jami'ar Yale, inda masu bincike, Sonja Buckley da Jordi Casals, suka tace wata ƙwayar bairas da ba a san ta ba, aka sa mata sunan garin Lassa.

Ku lura da abin da ya biyo baya. Shi Casals ba ɗan koyo ba ne, yana cikin ƙwararrun masana bairas na zamaninsa. Duk da haka a watan Yuni na 1969 ya kamu da cutar a wurin aiki, har ya kai bakin mutuwa, sai da aka ɗebi ruwan jinin Penny Pinneo aka sa masa. A ƙarshen shekarar kuma wani ma'aikacin wannan sashe, Juan Roman, wanda ma ba shi cikin masu aiki da ƙwayar Lassa, ya kamu ya mutu. Daga nan Jami'ar Yale ta dakatar da aiki da ƙwayar mai rai, aka mai da shi Atlanta, inda ake da ɗaki mai tsananin tsaro. Jami'a ce mai dukiya, wadda ba ta san ɗaukewar wuta ba, amma ta yarda cewa ganuwarta ba ta kai ta riƙe wannan baƙo ba. A ganina wannan shawara ta fi gano ƙwayar kanta wuya, domin babu masanin da ke son a raba shi da abin da ya gano.

A farkon 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos, a asibitin Evangel, ta kama fiye da mutum 20, majinyata da masu jinya da 'yan dubiya, 13 suka mutu. Likitar asibitin, Jeanette Troup, wadda ta yi fama da cutar tun zuwanta na farko, tana binciken gawa don ta tabbatar da abin da ke kashe mutanenta sai wuƙa ta ratsa safar hannunta ta yanke ta. Ta rasu a watan Fabrairu na 1970. Sai a 1972, a ƙasar Saliyo, aka gano cewa wani irin ɓera mai yawan nonuwa, wanda ke zaune a gidajenmu da rumbunanmu, shi ne ma'ajin ƙwayar. Cutar kuwa ba ta bar mu ba. Takan tsananta da rani, tana ɗaukar kwana 6 zuwa 21 kafin ta bayyana, farkonta kuma ba shi da bambanci da zazzaɓin cizon sauro ko taifot. A watan Janairu na 2020 ta kashe likitoci a Kano, bayan an yi wa wata mai juna biyu tiyata ba a san tana ɗauke da ita ba. Abin da nake so ɗalibai su riƙe shi ne, kwalbar jinin mai Lassa ba ta zuwa da rubutun Lassa a jikinta. Abin da aka rubuta a takardar shi ne a duba zazzaɓin cizon sauro, kuma ƙaramin ɗakin gwaji na unguwa take fara zuwa, tun kafin wani ya yi tunanin Irrua ko Abuja. Saboda haka ne aka kafa ƙa'idar cewa kowane jini, na Sarki ne ko na talaka, a ɗauka yana da cuta har sai an gama da shi.

Yanzu ta yaya ƙwayar ke shiga jikin ma'aikaci? Wani masani a Amurka, Robert Pike, ya shafe shekaru yana tara labarin mutanen da suka kamu da cuta a ɗakunan bincike. A 1976 ya buga lissafin mutum 3,921, waɗanda 164 daga cikinsu suka mutu. Abin mamaki a lissafin nan shi ne, waɗanda aka iya danganta kamuwarsu da wani haɗari sananne, kamar sukar allura ko fashewar kwalba, ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Sauran duka sun yi aikinsu yadda suka saba, sun koma gida, bayan kwanaki suka kwanta. Bayanin da masana suka fi yarda da shi shi ne iska. Duk lokacin da aka buɗe murfin kwalba da ƙarfi, ko aka girgiza ruwa, ko aka fesa ragowar ɗigo daga bututun gilashi, ko aka juya jini a injin wulwulawa, waɗansu ƙananan ɗigo da ido ba ya gani sukan tashi su rataya a iska. Manyansu sukan sauka a kan tebur da hannu, ƙananan kuwa sai a shaƙe su har cikin huhu. Dalili ke nan da ya sa in kwalba ta fashe a cikin injin wulwulawa ake barinsa a rufe har minti 30 kafin a buɗe, aka kuma hana zuƙo ruwan gwaji da baki, al'adar da tsofaffin ma'aikata a ko'ina cikin duniya suka tashi da ita, waɗansu ma suna alfahari da ƙwarewarsu a kanta.

Babu cutar da ta fi nuna wannan kamar tarin fuka, nan kuwa Zariya tana da ruwa da tsaki. A Saye, a Cibiyar Horar da Ma'aikatan Tarin Fuka da Kuturta ta Ƙasa, akwai ɗakin bincike mai mataki na uku, inda ake renon ƙwayar tarin fuka don a gane wadda ta daina jin magani. Duba kaki a ƙarƙashin madubin likita, ko sa shi a na'urar GeneXpert, haɗarinsa kaɗan ne in ɗakin yana da iska mai wucewa. Amma reno wani abu ne dabam, domin an ɗauki ƙwayoyi 'yan kaɗan an mai da su miliyoyi a cikin kwalba ɗaya, kuma sau da yawa irin waɗanda suka gagari magani ne. A irin wannan ɗaki ana sa injuna su riƙa zuƙe iska ta yadda kullum daga waje take kwararowa ciki, ba ta komawa ta ƙofa, wadda za ta fita kuma sai ta bi ta matata mai kama ƙwayoyi. Ma'aikaci yana aiki ne a gaban wani akwati mai gilashi wanda ke jan iska daga wajen fuskarsa. Duk wannan kuwa a kan wutar lantarki ya dogara. In wuta ta ɗauke, janareta bai tashi ba, akwatin nan ya zama kabad kawai, mai aiki a gabansa kuma ya fi wanda ke aiki a gindin bishiya shiga haɗari, don shi yana tsammanin an kare shi.

Matakan ɗakunan bincike huɗu ne, ba kuwa zan daɗe a kansu ba tun da suna cikin littattafanku. Na ɗaya na koyar da ɗalibai ne da ƙwayoyin da ba su da lahani ga mai lafiya. Na biyu shi ne na yawancin asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika ko asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Na uku na cututtukan da ke bin iska ne, na huɗu kuwa na irin su Lassa da Ebola in za a rene su da rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara buga littafin jagora a kan wannan a 1983. A bugu na huɗu, na 2020, ta rage ƙarfafa lambar mataki, ta ce kowane ɗaki ya zauna ya auna haɗarin ainihin aikin da yake yi, ya ɗauki matakin da ya dace da shi kuma zai iya ɗorewa a kai. Ni ina ganin wannan gyara ya yi mana daidai. An sha gina ɗakuna masu tsada a ƙasashenmu da kuɗin taimako, bayan 'yan shekaru matatar iska ta toshe, babu kuɗin sabuwa, babu injiniyan da zai gwada akwatin gilashi sau ɗaya a shekara kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ɗaki mai sauƙi wanda tagoginsa ke buɗe ta inda ya kamata, mai famfo da sabulu da ma'aikata masu horo, ya fi irin wannan amfani nesa ba kusa ba.

Bari in shigo da maganar cikin Birni, inda gidaje suke manne da juna, lunguna ƙunci, kwata kuma a buɗe take bin gindin katanga. Ƙananan ɗakunan gwaji da shagunan magani da ke ɗibar jini sun yawaita a garuruwanmu, suna kuwa da amfani, don sun rage wa talaka tafiya da dogon layi. Amma tambayar da ba a cika yi ba ita ce, ina sharar take zuwa? Allurar da aka ɗebi jini da ita, da auduga, da kwalbar kaki, in aka haɗa su da sharar gida aka zuba a bola, to, an fitar da ɗakin binciken waje ke nan. Yara na wasa a bola, suna mai da sirinji bindigar ruwa, masu tsintar jari suna tona ta da hannu, awaki da kaji suna kiwo a kanta, da damina kuma ruwa ya kwashe saura ya nufi Kubanni da Galma. Wanda allurar mai ciwon hanta nau'in B ta soka, in ba shi da rigakafi, haɗarin kamuwarsa yana iya kaiwa kashi 30 cikin 100. Na cutar ƙanjamau kusan 3 ne cikin 1,000. Mutane sun fi tsoron na biyun, alhali na farkon ya fi kusa da su, shi ne kuma yake da allurar rigakafi mai araha, sau uku kacal.

Maganin wannan kuwa ba sabon ilmi ba ne. Allura ba a mai da mata murfinta bayan an yi amfani da ita, kai tsaye ake jefa ta cikin akwatin da ba ya hujewa, domin wajen mai da murfin ne aka fi sokewa. Abin da aka rena ƙwayoyi a cikinsa ba ya barin ɗaki sai an dafa shi a tukunyar tururi, a zafin digiri 121, aƙalla minti 15, in shara ce mai yawa kuwa fiye da haka. Ana kuma manna wata 'yar takarda mai sake launi don a ga shaidar zafin ya kai, domin tukunyar tana iya huci tana ƙara alhali cikinta bai dahu ba. Jinin da ya zube ana rufe shi da ruwan kulorin mai ƙarfin rabin kashi ɗaya cikin 100, wanda ake haɗawa sabo kowace safiya, saboda ƙarfinsa na raguwa da zafi da hasken rana. Samfurin da za a aika wani gari kuma rufi uku ake yi masa: kwalba mai murfi, a naɗe ta da abin da zai shanye ruwa in ta fashe, a sa ta a gwangwani na biyu, sa'an nan a akwati na uku mai rubutu. Wanda ya ƙulle kwalbar jini a leda ya ba direba a tasha, ya sa direban da fasinjojinsa cikin aikin da ba su san sun ɗauka ba.

Yanzu na juyo gare ku, ma'aikatan gwamnati, domin kada ku ce wannan zance na masu farar riga ne. Ganuwar Zariya ba yaƙi ne ya cinye ta ba. Ruwan sama ne, da masu ɗibar ƙasa, da masu gini, da rashin wanda aikinsa ne ya yi mata yaɓe. Manyan haɗurran ɗakunan bincike ma haka suke. A watan Agusta na 2007 cutar ɓoru ta ɓulla a cikin shanu kusa da Pirbright a Ingila, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta gwamnati da wani kamfanin yin allurar rigakafi suke zaune a fili ɗaya. Da aka bincika sai aka tarar tsohon bututun ƙarƙashin ƙasa mai ɗaukar ruwan datti ya tsattsage, saiwar itatuwa ta shiga cikinsa, ruwan sama ya taso da ƙwayar, tayoyin motoci suka kwashe ta zuwa waje. An san bututun yana bukatar gyara shekaru kafin haka, abin da ya tsai da aikin shi ne jayayya a kan wanda zai biya. A 2019 a birnin Lanzhou na ƙasar Sin, wata masana'antar yin rigakafin cutar bakkale ta yi amfani da maganin kashe ƙwayoyi wanda wa'adinsa ya wuce, iskar da ke fita daga masana'antar ta ɗauki ƙwayar, daga baya gwaji ya nuna ta shafi fiye da mutum 10,000. A watan Afrilu na 1979 a Sverdlovsk, cikin Tarayyar Sobiyat ta wancan lokaci, ƙwayar cutar saifa ta fita daga wata cibiyar soja ta kashe aƙalla mutum 66. Hukuma ta ɗora laifin a kan gurɓataccen nama, sai a 1992 shugaban Rasha ya amsa cewa daga wurin soja ne. A cikin waɗannan babu inda ilmin kimiyya ya gaza. Mai sa hannu a takardar kwangila, da mai kula da sito, da mai tsara kasafin kuɗi, su ne suka riƙe ƙofar. In fayil ya zo teburinka ana neman kuɗin man janareta na ɗakin bincike, ko na matatar iska, ko na gyaran tukunyar tururi, ka rubuta a dakata sai baɗi, to, ka yanke hukunci a kan lafiyar jama'a ko da ba ka taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Mun kuma san halinmu: kuɗin sayen sabon inji ya fi saurin fita bisa ga kuɗin gyaran tsoho, don sabo ne ake yi wa bikin buɗewa.

Sai kashi na biyu, watau tsaro. Dattawan da ke cikin wannan ɗaki sun san agana, sun ga fuskokin da ta bari. An daina ganinta a Nijeriya a 1970, mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a kuwa wani mai dafa abinci ne a asibitin Merka ta Somaliya, a watan Oktoba na 1977. Amma ba shi ne na ƙarshe da ta kama ba. A watan Agusta na 1978 Janet Parker, mai ɗaukar hoto a makarantar likitanci ta Jami'ar Birmingham, wadda ofishinta ke bene ɗaya a saman ɗakin da ake ajiye ƙwayar agana, ta kamu, ta rasu ranar 11 ga Satumba. Cutar da aka kora daga ƙauyukan Afirka da Indiya da guminmu, sai ga ta ta fito daga firjin jami'a. Bayan wannan aka matsa wa ɗakunan bincike na duniya su hallaka abin da suke riƙe da shi ko su miƙa, har aka bar wuri biyu kaɗai da izinin ajiye ta, Atlanta a Amurka da Koltsovo a Rasha. A 1980 aka yi shelar kawar da ita. Duk da haka a watan Yuli na 2014 ma'aikata suna kwashe kaya a wani tsohon sito na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka a Bethesda sai suka tarar da kwalabe 6 na ƙwayar agana a cikin kwali, tun na shekarun 1950, waɗansu kuwa da sauran rai. Babu wanda ya sace su, babu kuma wanda ya san suna nan, wannan shi ne abin tsoron.

Mu ma muna da namu ajiyar. A Zariya aka fara kafa sashen likitan dabbobi na gwamnati, kafin a 1924 a mai da shi Vom don yaƙi da bushiya, cutar da ta ƙarar da garken Fulani a ƙarshen ƙarni na 19, ta kuma sake yi mana ɓarna a 1983. An yi shelar kawar da bushiya daga duniya a 2011. Tun daga lokacin babu sauran saniyar da ake yi wa rigakafinta, saboda haka kwalba guda da aka manta a firjin wata tsangaya ta isa ta mai da mu inda muka fito. Shi ya sa aka nemi ƙasashen Afirka su hallaka abin da ke hannunsu ko su aika da shi cibiyar Tarayyar Afirka da ke Debre Zeit a Habasha. Haka zancen yake ga shan-inna. An ga na ƙarshen mai yaɗuwa daga asalin ƙwayar a Jihar Borno a 2016, aka ba Afirka takardar shaida ranar 25 ga Agusta, 2020. Amma tsohon samfurin bayan gida da wani ɗalibi ya tara shekaru da suka wuce don binciken tsutsar ciki, ya karɓi digirinsa ya tafi ya bar shi a firji, yana iya ɗauke da ita. Jami'ar da aka kafa tun 1962, wadda dubban ɗalibai suka yi bincike a tsangayoyinta na likitanci da likitan dabbobi da kimiyya, ya kamata kowane shugaban sashe a cikinta ya iya amsa tambaya uku ba tare da ya tashi daga kujerarsa ba: me ke cikin firjin, nawa ne, kuma mabuɗin yana hannun wa?

Mai mugun nufi ma yana nan, ko da yake bai kai sakaci yawa ba. A 2001 an aika da garin ƙwayar saifa cikin wasiƙu a Amurka, mutum 5 suka mutu, hukumomin binciken ƙasar kuma suka ce daga ɗakin binciken sojansu ta fito, ta hannun na gida. A watan Afrilu na 2023 kuwa, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, mayaƙa suka mamaye babban ɗakin binciken lafiya na ƙasa a Hartum suka kori ma'aikata, ga ƙwayoyin ƙyanda da kwalara da shan-inna a ciki, ga wuta ta ɗauke, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi. Mu da muka san halin tsaro a yankinmu, muka kuma san yadda yajin aiki kan bar gine-ginen jami'a watanni babu kowa sai maigadi, bai kamata mu ɗauki wannan labarin nesa ba. Kowane ɗaki mai ajiya yana bukatar rubutaccen shiri na abin da za a hallaka nan take in aka ce a tashi.

Doka kam akwai ta. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar duniya ta 1972 da ta haramta makaman ƙwayoyin cuta. An kafa hukumar kula da kariyar halittu ta ƙasa a 2015, aka faɗaɗa dokarta a 2019 ta haɗa da tsaro. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta sami dokarta a 2018, majalisar masana gwaje-gwajen asibiti kuma ita ke da ikon yi wa ɗakunan gwaji rajista da duba su. Abin da doka ba ta iya yi daga Abuja shi ne ta sa ƙaramin ma'aikaci ya buɗe baki ya ce allura ta soke shi. A nan al'adarmu ta kunya da girmama na gaba, wadda abin yabo ce a gida, takan zama cikas. Ɗalibar da ta fasa kwalba tana tsoron malaminta, sai ta goge da tsumma ta yi shiru. Lebura yana tsoron a kore shi, sai ya tsotse yatsa ya ci gaba da shara. Ga shi kuwa maganin da ke hana ƙanjamau kama wanda allura ta soka dole a fara shi cikin awa 72, in da hali ma cikin awannin farko. Shugaban da ke zagin wanda ya kawo rahoton haɗari zai ga littafinsa fari fat, babu haɗari ko ɗaya, ya yi ta murna, alhali ya koya wa mutanensa ɓoyewa ne kawai.

Mai shara da mai wanke kwalabe da masinja mai kai samfur daga ɗakin majinyata, su ne suka fi kowa taɓa abin da ya fi haɗari, su ne kuma ba a kira in an shirya taron horarwa, takardun gargaɗin da ke bango ma da Turanci aka rubuta su. Ina roƙon shugabannin sassa da sakatarorin asibitoci da ke nan su fara da waɗannan: a yi musu rigakafin ciwon hanta da kuɗin hukuma tun ranar da aka ɗauke su aiki, a ba su safar hannu mai kauri da takalmin roba, a rubuta ƙa'idodin da Hausa, da boko da ajami, a kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba. Ku kuma ɗalibai masu shirin kammala bincike, kafin a sa hannu a takardar sallamarku, ku zauna da mai kula da ɗakin ku lissafa kwalaben da kuka ajiye ɗaya bayan ɗaya. Wadda za a ci gaba da bukata a rubuta ta a rajista da sunan wanda ya karɓe ta, wadda ba a bukata kuwa a sa ta a tukunyar tururi a gaban idonku.

Shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika, akwai kuma masu tambaya.